Regileta mai noti ko ta asali: wacce za ka ɗaura wa motarka?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a gidajen man Arewa cikin 'yan kwanaki, babu dabarar da ba a gwada ba a garejojinmu don a rage wa mota ci. Wani ya cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wani ya ce a wanke nozul masu fesa wa inji mai duk wata, wani kuma ya haƙura da sanyin mota har a tsakiyar Afrilu. A cikin dabarun nan akwai wadda ta fi sauran kama da ilimi, shi ya sa ta fi saurin shiga ran mutane: a cire regiletar mai da mota ta zo da ita, a ɗaura wata mai ƙyalli, ja ko shuɗiya, da noti a kanta da ɗan agogo a gefe. Ka juya notin hagu, matsin mai ya sauka, wai ka rage ci. Ka juya shi dama, matsi ya hau, wai ka ƙara gudu. Kowa ya ji wannan bayani zai ce ai an gama magana.

Kafin ka kai kuɗinka Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko ka yi oda ta intanet, ya kamata ka san aikin da wannan ɗan ƙarfe yake yi. Famfon da ke cikin tanki ba ya tunani, turo mai kawai ya sani, kuma yana turo fiye da abin da inji yake buƙata. Man yana zuwa ya taru a bututun da nozul-nozul suke jere a jikinsa. Regileta tana ƙarshen wannan bututu, a cikinta akwai sifirin da wata fatar roba mai kama da fatar ganga. Idan matsi ya kai iyakar da aka yanka, man zai rinjayi sifirin, ƙofa ta buɗe, rarar ta koma tanki ta wani bututu na daban. A yawancin motocin fetur masu nozul, iyakar tana kusa da bar 3 a ma'aunin matsi, wato psi 43.5 a ma'aunin da agogunan Amurka suke amfani da shi. Wasu injinan, kamar LS na kamfanin GM, suna aiki a psi 58. Bambancin regileta ta asali da mai noti ɗaya ne tak a wannan fuska: ta asali an ɗaure sifirinta a masana'anta an rufe, mai noti kuwa an bar maka hanyar danne sifirin ko sassauta shi.

Akwai kuma ɗan siririn tiyo da yake fitowa daga kan regileta ya shiga manifol, inda inji yake zuƙar iska. Kanikawa da yawa suna raina shi, har ka ga an bar shi yana lilo. Alhali shi ne yake sa matsin mai ya bi halin da inji yake ciki. Idan mota tana sulo, zuƙar da ke cikin manifol tana da ƙarfi, tana jan mai daga bakin nozul da kanta, don haka tiyon yake ja wa sifirin baya, matsi ya sauka da kusan rabin bar. Ka taka totur, zuƙar ta ragu, matsi ya dawo sama. Manufar ita ce tazarar da ke tsakanin matsin mai a bayan nozul da matsin iska a gabansa ta zauna daram, domin da wannan tazarar ƙwaƙwalwar mota take lissafin yawan man da zai fita a duk buɗewar nozul.

To, a nan gizo yake saƙar. Ƙwaƙwalwar nan, wadda kanikawa suke kira birenbos, ba ta ganin matsin mai a irin waɗannan motoci, ta ɗauka kawai yana nan yadda masana'anta ta bar shi. Amma tana da ɗan leƙen asiri a jikin salansa, wato sensar iskar oksijin, wadda take shinshinar hayaƙi tana kai rahoto. Abin da ƙwaƙwalwar take nema a tafiya ta yau da kullum shi ne iska kashi 14.7 ga mai kashi 1. Idan ka sauke matsi, mai ya ragu a kowace fesa, sensa za ta kai ƙara cewa iska ta yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara tsawon lokacin da nozul yake buɗe har lissafi ya dawo daidai. Man da ka hana ta ƙofa, ta shigo da shi ta taga. Za ka yi sati kana auna tanki, ba ka ga komai ba sai abin da zuciyarka take so ta gani.

Kuma shi kansa notin ba ya da ƙarfin da ake zato. Fitar mai daga nozul ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi. Ka ɗaga daga bar 3 zuwa 3.5, man da zai ƙaru kashi 8 ne cikin ɗari. Ka kai shi bar 4, ƙarin bai wuce kashi 15 da ɗoriya ba. Ka sauke zuwa 2.5, ragin bai kai kashi 9 ba. Duk waɗannan suna cikin abin da ƙwaƙwalwa take iya shanyewa, domin yawancinsu suna da hurumin gyara da ya kai kusan kashi 25 sama ko ƙasa. Idan ka wuce gona da iri, fitilar inji ta kama a gaban direba, in an jona kwamfuta a ga P0171, alamar mai ya yi kaɗan, ko P0172, alamar ya yi yawa.

Da a ce abin ya tsaya a rashin amfani, da da sauƙi. Akwai lokutan da ƙwaƙwalwa take daina sauraron sensa ta koma kan teburin da aka rubuta mata tun daga masana'anta: lokacin da inji yake da sanyi, da lokacin da ka danne totur har ƙasa. A nan ba lallai ne a samu mai cike giɓin da ka yi ba. Ka ɗauko iyali da buhunan kaya, kana Hawan Kibo za ka Jos, ko kana ƙoƙarin wuce tirela a hanyar Zariya, inji yana neman mai fiye da kowane lokaci, ga shi ka rage masa kusan kashi 9. Wutar da ke cikin silinda ta ƙara zafi, ka fara jin ƙaras-ƙaras kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Idan hakan ya daɗe, bawul ne zai ƙone ko fistin ya ci wuta. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuɗin litoci kaɗan da ba a ma samu ba, ga kuɗin sauke inji.

Mai ɗaga matsi don neman gudu shi ma bai tsira ba. Ƙarfin inji yana bin iskar da ya iya shaƙa, kuma masu ƙera mota sun riga sun ba shi mai isasshe, har da rara, a lokacin da totur yake ƙasa. Ƙarin da ka yi ba zai samu iskar da zai ƙone da ita ba. Sai filogi su yi baƙi, hayaƙi ya riƙa yaji a ido, ɗanyen fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka na cikin inji, indomi kuma ya riƙa gasuwa har ya toshe.

Zan yi adalci a wuri ɗaya, domin na san wani zai ce shi ya gwada kuma ya ga sauƙi. Zai iya zama gaskiya ya faɗa. Motoci da yawa a titunanmu suna yawo da matacciyar sensa, ko an yanke wayarta ranar da aka cire indomi. Irin wannan mota ƙwaƙwalwarta ta makance, tana zuba mai da ka, kuma yawanci tana zubawa da yawa. Idan aka sauke mata matsi, cin zai ragu da gaske. Amma ciwon yana salansa, aka je ana ɗaure ƙafa. Sensa mai kyau za ta gyara cin a kowane gudu da kowane yanayi, notin kuwa yana rage mai ne bai ɗaya, har da inda bai kamata a rage ba.

Saboda haka idan injinka yana nan yadda ya zo, nozul nasa ne, famfo irin nasa ne, kuma regileta ta mutu, ni ban ga abin da zai kai ka ga mai noti ba. Nemi irin ta asali, sabuwa ta Bosch ko Denso ko wadda kamfanin motar ya sa, in ba hali ka ɗauki ta Beljiyam mai lamba iri ɗaya. Yawancin na Bosch an buga matsinsu a jiki, ka duba ya dace da wadda aka cire. Ta asali tana da wata falala da ba a cika faɗa ba: tana riƙe matsi bayan an kashe mota. Da yawa daga cikin masu noti, har da na manyan kamfanoni, ba a yi su don haka ba, kana kashe inji allurar agogo za ta fara sauka. A ƙasar sanyi wannan bai wuce ka ɗan jira famfo ya cika bututu ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafi yake haura digiri 40 kafin a haɗa da na inji, fetur ɗin da ba matsi a kansa yana tafasa a cikin bututu ya zama tururi. Ka tsaya sallar La'asar, ka fito, mota ta yi ta kik ba ta tashi ba, ka ɗora laifin a kan batir.

Kafin ma ka sayi kowacce, tabbatar regiletar ce ta lalace. Zare siririn tiyon nan ka shinshina. In ka ji warin fetur ko ka ga danshi, fatar ta yage, inji yana shan mai ta hanyar da ba ta dace ba, shari'a ta ƙare. In ba haka ba, sai an jona agogon gwaji. Matsi ya yi ƙasa? Sau da yawa laifin filta ne da ta toshe da dattin man bumburutu, ko ragar da ke bakin famfo, ko famfon da ya gaji saboda kullum ana tafiya da tanki a ja, alhali man da yake nitse a ciki ne yake sanyaya shi. Ɗaura regileta mai noti a kan gajiyayyen famfo ba ya haifar da komai, domin regileta ba ta ƙirƙirar matsi, tare hanya kawai take yi. A sulo za ka ga allura ta hau inda kake so, ka hau titi ta faɗi.

Sai tambayar da ya kamata ta zo tun farko: motarka ma tana da wurin ɗaura ta? Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wadda ake kira Baby Boy, regiletarta tana kan bututun nozul, da bututun komawa tanki, ana buɗe bonet za a gan ta. Amma Accord ta 2003 zuwa sama, da Camry Big Daddy, da Corolla ta 2003, bututu ɗaya ne yake zuwa inji. An mayar da regileta cikin tanki tare da famfo, don kada man da ya ɗumama a inji ya riƙa komawa yana tayar da tururi. A irin waɗannan, ɗaura mai noti babban aiki ne: a ja sabon bututu tun daga inji har tanki, a huda murfin famfo, a kashe regiletar ciki. Kuma ƙwaƙwalwarsu an rubuta ta ne a kan matsin da ba ya motsi, don haka in ka jona tiyon zuƙa ka rikita mata lissafi. Motocin da suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuwa, masu tambarin GDI ko FSI ko TSI, matsinsu yana haura bar 100, kwamfuta ce take juya shi, babu ruwansu da wannan hira gaba ɗaya.

To wa ya kamata ya sayi mai noti? Wanda ya taɓa injinsa da gaske. Misali wanda ya sa babban famfo irin Walbro 255, mai turo lita 255 a awa. Ƙofar regileta ta asali ƙarama ce, ba ta iya mayar da wannan ambaliya tanki, sai matsi ya hau da kansa a sulo, mota ta riƙa shaƙewa. Mai noti mai faffaɗar ƙofa ita ce maganin wannan. Haka wanda ya dasa injin wata mota a wata, ko ya canza nozul, ko ya ɗaura turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska. A mota mai turbo, tiyon nan yana aiki ta fuska biyu: turbo ya tura rabin bar na iska, regileta ta ɗaga mai da rabin bar, daga 3 zuwa 3.5, tazara ta zauna yadda take. Wannan ita ake kira 1:1, kuma ita ce ake nufi idan an ce regileta mai noti ta kirki. Aeromotive, Fuelab, Turbosmart da AEM duk suna yin ta.

Akwai wata 'yar'uwarta da ake ruɗa mutane da ita, mai ninka matsi, ana rubuta mata 6:1 ko 8:1 ko 12:1. Tsohuwar dabara ce ta zamanin da ba a iya shiga ƙwaƙwalwar mota a sake rubutu. Da 8:1, turbo ya tura psi 6, ita ta ƙara 48, matsi ya haura 90. An ninka wa famfo wahala, man da ya ƙaru kuwa kusan kashi 40 ne kawai, kuma famfo yana rage turowa ne duk lokacin da matsi ya hau. Ban ba kowa shawarar ta ba in yana da halin sayen manyan nozul da mai saita kwamfuta.

Masu tsofaffin motoci na kafireto, irin Peugeot 504, nasu lissafin daban ne. Kafireto ba ya son matsi, tsakanin psi 3 zuwa 7 ne gwargwadon irinsa. In an cire famfon jikin inji an sa na lantarki, har mai yana ambaliya a kafireto, ƙaramar regileta ta masu kafireto ake nema, kamar Filter King ta kamfanin Malpassi na Italiya. Ta masu nozul ba ta sauka ƙasa haka.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato masu arha marasa suna da suka cika kasuwa, wasu ma da sunan babban kamfani a jiki na jabu. A ido ba ka raba su da na gaske. Bambancin yana cikin fatar roba da sifirin da mazaunin ƙofa. Fata mara kyau tana bushewa ko ta kumbura, musamman in ta gamu da gurɓataccen mai, kuma ba mu manta da fetur mai methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba. Idan ta yage, fetur mai matsin bar 3 zai bi tiyo ya cika manifol, ko ya tsiyaya a kan inji mai zafi. Agogon da suke zuwa da shi kuma ado ne. Ko agogo mai kyau, in irin mai ruwa a ciki ne, yana nuna ƙasa da gaskiya idan ya ɗauki zafin inji, sai mutum ya yi ta ƙara noti yana bin allurar da take masa ƙarya. Tsakanin mai noti ta jabu da ta Beljiyam ta asali, ko motar tsere gare ni zan ɗauki ta Beljiyam.

In ka auna duk wannan ka ga lallai kana cikin masu buƙata, saitin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. A fara zare fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa, don matsin da ke bututu ya sauka, sannan a cire kan batir. A ɗaura regiletar nesa da salansa, a jikin ƙarfe mai ƙwari, ba a bar ta tana rawa a kan tiyo ba. Tiyon ma a duba rubutun jikinsa: mai lamba 30R9 shi ne na motar nozul, 30R7 na kafireto ne, kada bakanike ya ce maka duk ɗaya ne. A mayar da fiyus da kan batir, a murɗa makulli sau uku ko huɗu ba tare da tayarwa ba, a bi kowace mahaɗa da ido da yatsa. Abin kashe gobara ya kasance a kusa, ba a cikin but a ƙarƙashin taya ba.

Sai a tayar, a bar inji ya yi ɗumi. A zare siririn tiyon daga kan regileta a toshe bakinsa, domin matsin da littafin mota yake nufi, ana auna shi ne babu zuƙa. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a saita bar 3 tiyo yana jone, a hau titi matsi ya zama 3.5 ba a sani ba. A sassauta notin kulle, a juya na tsakiya kwata-kwata, dama don ƙari, hagu don ragi, ana jira allura ta natsu kafin a sake taɓawa. Lambar da za a fara da ita ita ce ta masana'anta, ba wadda aka ji a bakin wani ba. A ɗaure notin kulle, a sake duba allura domin ɗaurewar kan ɗan motsa ta, a mayar da tiyo. Matsi ya kamata ya sauka da kusan rabin bar nan take, in ka ɗan taɓa totur ya yi tsalle ya dawo. In bai sauka ba, ko tiyon ya huje, ko bututun komawa tanki ya yi ƙanƙanta.

Aiki bai ƙare a gareji ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket na OBD-II, inda ake jona kwamfutar gwaji, a ƙasan sitiyari, kuma 'yar na'urar da ake jonawa da waya ta wadata yanzu. Share tsohon gyaran da ƙwaƙwalwa ta haddace, ka yi tafiyar kwana biyu, ka duba lambar LTFT, wadda take nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa take ƙara mai ko rage shi. In tana tsakanin 5 sama da 5 ƙasa, lafiya lau. In ta haura 10, ƙwaƙwalwa tana kokawa da saitinka, ko akwai iskar da take satar shiga ta wani wuri. Ga mai turbo wannan bai isa ba, sai ya sa sensar da ake kira wideband, wadda take nuna haɗin iska da mai a gabansa yana tuƙi, ya kuma ga matsin mai a lokacin da totur yake ƙasa, don a nan ne famfo yake tona asirin kansa. Agogon da za a kalla daga cikin mota ya zama na lantarki, waya ce kawai za ta ratsa zuwa ciki. Na taɓa ganin wanda ya jawo tiyon fetur ta gefen sitiyari ya ɗaure agogo da waya a kan dashbod, yana ɗaukar yara makaranta da motar.